Kwalla da Samiru: Tarihin Jeren Iyayenmu



Duk wadda ke zaune a garuruwanmu na arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta, ta san muryar 'yan gwangwan. Za ki ji su a ƙofar gida da baro ko kura suna cigiyar tsohon ƙarfe. Nan da nan sai a tura yaro ƙarƙashin gado ya jajibo tsoffin kwanuka, kwalla da samiru da langa da fanteka, a ɗora a sikeli, a miƙo abin da bai isa cefanen yini guda ba, ko kuma a yi musaya da robar wanki. Mai gwangwan ya sa ƙafa ya take kwallar ta lotse don ta samu shiga buhu. Alhali kuwa kwallar nan wata baiwar Allah ta yi watanni tana tuyar ƙuli-ƙuli kafin ta mallake ta, kuma ranar da ta shigo gidan sai da aka rangaɗa guɗa.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu bi sawun waɗannan kwanuka, mu ji daga ina suka fito, ta wace hanya suka iso ƙauyukanmu, kuma wane aiki suka yi wa iyayenmu mata da har suka ɗauke su da daraja haka. Labarin zai kai mu nesa, har ƙasar Faransa ta shekaru 800 da suka wuce, amma ki yi haƙuri ki biyo ni, a ɗakin Inna za mu sauka.

INA MACE TAKE AJIYE ABIN DA TA SAMU?

Kafin a gane jere sai an fara gane ƙasar da ya tsiro a cikinta. Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe da cika da jama'a. A farkon shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya bi gonakin gundumar Ungogo yana aunawa, ya tarar kusan babu saura. Gona ba ta hutawa, kowace damina sai an nome ta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobin gida da kuma sharar birni da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, ɗorawa da kuka da tsamiya kowace da mai ita.

A irin wannan wuri ƙasa tsada gare ta, kuma duk rabon gado sai ta ƙara tsukewa. Mace tana da kasonta a shari'a, amma sau da yawa aure ya kai ta wani gari, kason nata ya zauna a hannun 'yan uwanta maza, sai dai a aiko mata da ɗan dami in an yi girbi. Sannan ga kulle, wanda a nan ƙasar Kano har ƙauye ya kai, domin ruwa ba shi da nisa, gidaje da yawa da rijiyarsu a tsakar gida, itace da hatsi kuwa jaki ne ke kawowa. Saboda haka neman kuɗin mace a cikin gida yake. Ta yi man gyaɗa da ƙuli, ta yi daddawa, ta dama fura, ta yi dakau, ta saƙa faifai, ta kaɗa zaren da masaƙa irin na Minjibir ke saye. Yara su kai talla su kawo ciniki.

Abin da ta samu nata ne, addini da al'ada duk sun tabbatar mata da shi, maigida ba shi da iko a kai sai da yardarta. To amma a ina za ta ajiye? Banki yana birni, kuma a lokacin ba a san mace da shi ba. Kuɗi a ƙullin zane kuwa ba ya kwana, yau maigida ya ranta, gobe ƙani ya zo da kuka, jibi an haihu a maƙwabta. Sai iyayenmu suka nemi abin da za su mai da kuɗinsu wanda ba ya ruɓewa kuma ba a iya ranta da sauƙi. Suka samu akuya a turke, da zane a adaka, da jere a bango.

KAFIN KWANO YA ZO

Jere ya girmi kwano nesa ba kusa ba. Kakannin kakanninmu da ƙwarya suka yi nasu. A shuka duma a bayan gida, ya ƙosa a fafe shi a kankare, mai zane ya sa wuƙa a wuta ya yi masa ado. Akan kai amarya ɗakinta da ƙore manya da ƙanana, daga masaki har ƙoƙo, da ludaya, da fayafayan rufi masu launi, a jera wasu, a rataye wasu a ragaya. Ga baƙin akushi na tuwon maigida. In ƙwarya ta tsage ba a yarwa, gyartai na nan zai ɗinke ta. Daga wannan zamani muka gaji karin maganar nan ta ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe.

Ƙarfe kuwa na masu hali ne. Tasar tagulla sai gidan sarauta da na attajirai, kuma son ta ya daɗe a ƙasar Hausa. A Durɓi Takusheyi, tsakanin Katsina da Daura, akwai tsoffin kaburburan masu mulki da aka tona a 1907 da kuma 1992. Cikin abin da aka samu har da tasar ƙarfe wadda masana suka ce aikin ƙasashen Gabas ce, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi shekaru wajen 500 da suka wuce. Da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya lissafa jan ƙarfe cikin hajar da ayari ke kawowa kasuwa. Daga kudu kuma maƙeran Bida na ƙasar Nufe suna ƙera tasoshi da farantan tagulla masu zane, fatake na kawowa. Matar da ke da tasa goma a ɗakinta a wancan zamani, ba sai an tambaya daga wane gida ta fito ba.

Kin ga ke nan tun kafin Bature ya kawo hajarsa ɗakin Bahaushiya ya riga ya san jere, ya kuma san ƙarfe mai ƙyalli ya fi duma daraja. Abin da ya rage shi ne a samu ƙarfen da talaka zai iya saye.

ABIN DA MUKE KIRA FENTI

Ɗauki tsohuwar kwalla ki ƙwanƙwasa ta da farce, ki shafa bayanta. Santsin nan da sanyin nan da muke ce wa fenti, gilashi ne. Ana niƙa gilashi ya zama gari kamar na tuwo, a haɗa shi da sinadaran launi, a shafa a jikin ƙarfe, a sa a wuta mai zafin da ya kai digiri 800, garin ya narke ya manne da ƙarfen su zama abu guda. Shi ya sa launin kwalla ba ya koɗewa ko ta shekara 50, shi ya sa kuma in ta faɗi take ɓantarewa kamar kwalba, baƙin ƙarfe ya leƙo. Turawa na kiran wannan aiki inamel.

Sana'ar tsohuwa ce, an yi ta a ƙasashe da dama, amma garin da ya fi yin suna da ita a Turai shi ne Limoj, a tsakiyar ƙasar Faransa. Maƙeran Limoj sun ci kasuwarsu ne daga wajen shekarar 1150 zuwa 1370, wato ƙarshen zamaninsu ya zo daidai da mulkin Sarkin Kano Yaji, wanda Wangarawa suka zo a lokacinsa. Ga yadda suke yi. Maƙeri zai sami farantin jan ƙarfe mai kauri ya zana abin da yake so a kai, sannan ya sa ɗan ƙarfe mai kaifi ya ƙwaƙule gurabe, ya bar siraran iyakoki a tsakaninsu, kamar dai fangalin lambu. Kowane gurbi a cika shi da garin gilashi mai launinsa, shuɗi ya fi yawa, sai kore da fari da ja da rawaya. A kai wuta, a fito da shi, a ƙara gari, a sake mayarwa, har guraben su cika. Daga nan a goge da dutse fuskar ta yi sumul, jan ƙarfen da ya rage a fili kuma a shafe shi da ruwan zinare.

Sirrin kasuwar tasu shi ne araha. Jan ƙarfe bai kama ƙafar zinare da azurfa a tsada ba, amma in ya sha gilashi da ruwan zinare, daga nesa sai ki ce duwatsu masu daraja aka jera. Ƙananan coci-coci da masu sarautar da ƙarfinsu bai kai na zinare ba, sai suka koma kan kayan Limoj. Garin kuma yana kan hanyar masu ziyarar ibada ta Kirista zuwa Santiyago a ƙasar Sifen, baƙi ba sa yankewa, saboda haka hajar ta bazu har Ingila da Italiya da ƙasashen arewacin Turai. Mafi yawa kayan coci ne, irin su gicciye da mazaunin kyandir da kaskon turare da akwatunan adana abin da waliyyansu suka bari. Amma akwai na gida, akwatunan ajiye sarƙa, da adon ɗamara da na doki.

Wanda zai fi ba ki sha'awa shi ne tagwayen tasoshi na wanke hannu. Turawan wancan zamani da hannu suke cin abinci kamar mu. Sai aka riƙa ƙera tasoshi bibbiyu masu faɗin faifai madaidaici, ɗaya da ɗan bututu a gefe. Bara zai zuba ruwa daga mai bututun a hannun baƙo, ɗayar tana ƙasa tana tara. A cikinsu an zana mahaya da mafarauta da makaɗa da tambarin gidan mai su. In an gama a goge a ajiye inda baƙo zai gani. Ashe son a ga tasar gida bai tsaya a kanmu ba.

A 1370, ana cikin dogon yaƙin Ingila da Faransa, ɗan Sarkin Ingila wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima ya ci garin Limoj da yaƙi. Da ma sana'ar ta fara ja da baya, daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Amma dabarar narka gilashi a kan ƙarfe ba ta mutu ba. A ƙarni na 19 masana'antun Jamus da Ostiriya da Ingila suka ƙware wajen shafa shi a jikin siririn baƙin ƙarfe da inji ke bugawa, don kada kwano ya yi tsatsa, kada kuma abinci ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Abin da maƙeri ke kwana da kwanaki a kai, inji ya koma fitar da dubbai. Kwallar Inna daga wannan dangi ta fito, kuma aikin da kayan Limoj suka yi wa wanda ba shi da zinare, shi ta zo ta yi wa wadda ba ta da tasar tagulla.

JIRGI DA GYAƊA

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Manoman Bichi da Dawakin Tofa da Ɗambatta da Gezawa suka duƙufa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dalar gyaɗa. Kamfanonin da ke sayen gyaɗar, irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC, da na Faransawa CFAO da SCOA, su ne kuma ke da kantunan atamfa da gishiri da kananzir da kwano. Kuɗin da suka biya manomi da kaka, ta ƙofar kanti suke komawa hannunsu. 'Yan koli su saro a birni, su ɗora a jaki ko keke, su bi kasuwannin ƙauye irin ta Ɗambatta mai ci ranar Lahadi. Mata ma gyaɗar nan ta taɓa su, domin ita ce man, ita ce ƙulin, kuma ribarsu a kwano take ƙarewa.

Da farko daga Turai kwanukan ke zuwa, musamman Ingila da Cekoslobakiya, sai kuma Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta koma hannun Hong Kong. Masu masana'antu da suka baro Shangai wajen 1949 suka kafa injinansu a can, Afirka ta Yamma ta zama cikin manyan masu sayen hajarsu. Mutanen nan sun karanci idonmu sarai. Suka riƙa yin manyan furanni, ja da rawaya da shuɗi da kore, kowane kwano da murfinsa, saiti-saiti daga babba zuwa ƙarami, daidai yadda za su hau kan juna a jere. Da gwamnatin Nijeriya ta ƙara harajin kayan waje a wajen lokacin samun mulkin kai, sai suka kwaso injinan suka taho nan. An kafa kamfanin Nigerian Enamelware a 1960, masana'antarsa na Ikeja, a shekarun 1960 ɗin kuma Kano ta samu tata masana'antar kwanuka a Bompai.

Daga nan ne jeren ƙarfe ya sauko daga gidan attajiri ya shiga ɗakin 'yar manomi. Har magina ba a bar su a baya ba. In kin shiga wasu tsoffin soraye a Kano ko Zariya, ɗaga kai ki duba tsakiyar rufi, za ki ga faranti mai fure an kafa shi a cikin ginin don ado.

BANKIN DA KE JIKIN BANGO

Ba rana ɗaya ake haɗa jere ba. Yarinya tana rarrafe uwa ta fara. Ta shiga adashi, ranar kwasarta ta aika a sayo saiti ɗaya, ta naɗe a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. In biki ya zo ƙawaye da dangi su kawo gudummawa, wannan langa, waccan faranti, uwar amarya tana riƙe da lissafin kowa a ka, domin bashi ne, ranar bikin 'yar mai kawowa za ta mayar har da ƙari. Uba ya yi gado mai rumfa da katifa in da hali, amma kwano aikin uwa ne.

Ranar jere gwaggwanni da innoni da yayye su tafi gidan ango da kaya niƙi-niƙi. A share ɗaki, a kafa gado, sannan a shiga aikin da ya tara su. Manyan kwalla a ƙasa, masu bi musu a kai, a yi ta hawa har kusa da rufi, kowane fure yana kallon ƙofa. Farantai su bi bango sahu-sahu. Akwai matan da aka sani da iya jere, har aike ake musu daga wani ƙauye. In an kunna fitilar ƙwai da dare, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki ƙyalli.

Yawancin kwanukan nan ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba. Maza kan yi dariya su ce mene ne amfanin kwanon da ba a cin tuwo a ciki? Amsar tana wurin dillaliya. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, uwargida za ta zare saiti ɗaya daga baya inda ido ba ya kai wa, dillaliya ta saka a cikin mayafi ta zaga gidaje, kafin la'asar kuɗin magani ya samu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kwanon da ba a taɓa amfani da shi ba kusan kuɗinsa yake dawowa, wani lokaci ma har da riba in kaya sun tashi. A farin 1973 da na 1984, da rumbuna suka ƙare aka sayar da dabbobi, kayan ɗakin mata na cikin abin da ya ciyar da gidaje har ruwa ya sauka.

In aure ya mutu, Allah Ya kiyaye, gida na miji ne, gona tasa ce, amma ranar kwashe kaya ko murfi ɗaya ba a bari, da shi za ta ja jari, da shi za ta shiga wani ɗakin. In kuma aure ya yi albarka, jeren ne zai aurar da 'ya'ya. Ta fari ta tashi a zare mata, ta biyu ma haka. Shi ya sa za ki shiga ɗakin tsohuwa ki ga bango wayam sai 'yan kwanuka uku ko huɗu. Kada ki ce ba ta tara ba, jerenta yana can a rarrabe a ɗakuna biyar cikin garuruwa biyar.

Sai dai fa abin yana da ɗacinsa, kuma ba za mu ɓoye ba. Jere ya zama ma'aunin amarya. 'Yan ganin ɗaki su shigo da guɗa, idonsu na ƙirga. Kishiya ta ƙirga, dangin miji su ƙirga, wadda nata ya gaza ta sha gori har ta haihu. Tsoron wannan gori ne ya ɗora wa yara mata farantin talla tun suna shekara bakwai ko takwas. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, da ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallan yarinya ke tafiya wajen haɗa kayan ɗakinta, da yadda hakan ke karo da karatun boko. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, iyaye mata da yawa lissafin da suka yi ke nan: in ta tafi makaranta, wa zai kai tallan, da me za a yi jeren? Mata nawa ne a yau ba sa iya karanta takardar asibiti saboda saitin samiru? Wannan ma yana cikin tarihin kwalla.

YADDA KWALLA TA SAUKA DAGA BANGO

Gyaɗar da ta kawo kwano ita ta fara tafiya. Bayan fari, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dala ta ɓace daga Kano. A shekarar ne kuma aka biya ƙarin albashin Udoji, kuɗin fetur ya cika birni, ido ya buɗe. Matan ma'aikata suka koma kabad mai gilashi da tangaran, kwalla ta fara zama kayan ƙauye. Abin dariya, garin Limoj ɗin nan shi ma tun wajen 1771 ya koma yin tangaran, da shi aka fi sanin sa a yau.

Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, ƙarfen da masana'antu ke shigowa da shi ya yi tsada, roba kuwa ga ta nan da araha daga masana'antun Kano. Kula ta zo ta kori langa da fanteka daga aikin kai abinci. Sannu a hankali kayan ɗaki suka koma gado da kujeru da sif da madubi da kayan kicin 'yan Sin. Nauyin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, har ta kai gwamnatin Kano ta hannun Hisba ta fara aurar da zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗaura na 1,800, gwamnati na ba da sadaki da gado da katifa, domin rashin kayan ɗaki na cikin abin da ke tsare mata a gida.

Ga inda bambancin yake, 'yar uwa. Kwallar Inna tana shekara 20 a bango ta sauko da kuɗinta. Gadon yau na matsattsen garin katako, damina biyu in ɗaki na yoyo ya kumbura, in kin kai shi kasuwa ko rabin kuɗinsa ba za a taya ba. Mun riƙe gasar da gorin, mun saki ajiyar, alhali ajiyar ce dalilin abin tun farko.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Mu koma Faransa mu ji ƙarshen kayan Limoj. Da zamani ya juya, su ma raina su aka yi, aka ce tsohon yayi ne, aka tura su lungu. Bayan juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace dukiyar coci-coci, aka sayar da kaya masu yawa ga maƙeran tukwane a kan nauyi. Su kuma suka sa guduma suka farfasa gilashin don su narka jan ƙarfen. Kin ji 'yan gwangwan na Faransa.

Ba a daɗe ba aka fara cizon yatsa. Wasu masu son kayan da suka shiga bin kasuwannin tsoffin kaya suna tsinta. Ɗaya daga cikinsu, Alexandre Du Sommerard, ya tara da yawa, bayan rasuwarsa gwamnati ta saye tarin a 1843 ta mai da gidan da yake ajiye su, gidan Kuluni a birnin Paris, ya zama gidan tarihi. Attajirai suka shiga rububi, farashi ya tashi, har 'yan damfara suka fara ƙera na jabu. A 1996 aka yi gwanjon wani ɗan akwatin Limoj a Landan, wanda aka ƙera wajen 1180 don tunawa da Thomas Becket, babban limamin cocin Ingila da aka kashe a 1170. Kuɗinsa ya kai wajen fam miliyan 4, yanzu yana gidan tarihi na Victoria da Albert. Jan ƙarfe ne fa da garin gilashi, irin wanda aka taɓa sayarwa a sikeli.

Ba ina ce miki kwallar Inna za ta yi miliyoyi ba. Waccan aikin hannu ce, tamu inji ya buga ta dubu-dubu. Darajar tamu a wani wuri take. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe an rubuta shi, akwai Gidan Makama ma da ke adana kayansa. Matan karkara da suka yi dakau da tuya a bayan katanga kuwa, kaɗan ne aka rubuta sunansu a wani littafi. Abin da suka bari a matsayin shaidar guminsu shi ne kwanukan nan, kuma kullum buhun ɗan gwangwan na rage su.

Saboda haka in akwai sauran su a gidanku, ki zaɓi ko saiti ɗaya ne ki ajiye. Ki wanke da sabulu da soso mai laushi, ban da yashi da soson ƙarfe, domin gilashi ne yana karcewa. Ki shanya ya bushe sarai, ki sa tsumma a tsakani in za ki haɗa su, don inda ya ɓantare nan tsatsa ke shiga. Wanda ya ɓantare ta ciki kada ki zuba masa abinci mai tsami, ki bar shi a ado. Ki juya gindinsa ki duba, sau da yawa akwai tambarin kamfani da sunan ƙasar da aka yi shi. Sannan tun Inna ko Gwaggo na da rai ki zauna ki tambaye ta: wannan wa ya kawo, a bikin wa, da kuɗin wace sana'a, wanne aka sayar a shekarar fari? Ki sa 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta a takarda a jefa cikin kwallar a rufe.

Ke kuma uwar da ke haɗa kayan ɗaki yanzu, ki ɗauki dabarar iyayenmu ki bar musu wahalar. Cikin abin da kika tanada ki ware wani kaso ki sa a abin da zai riƙe kuɗinsa, ko tunkiya ce, ko ɗan kunnen zinare, ko keken ɗinki, ko asusu da sunan yarinyar ita kanta. Kuma kada kujera ko kula ta sa ki cire ta daga aji, domin karatun da ke kanta ba ya cikin kayan da ake kwashewa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya saka musu da alheri bisa wahalar da suka yi da mu, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari da zaman lafiya a ɗakunansu, amin.